Mota Ta Ƙi Tashi: A Riƙa Gwaji Kafin a Sayi Kaya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatanka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in yi magana da masu tsofaffin motoci da kuma kanikawan da ke yi musu gyara, game da wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a garejojinmu, wato sayen kayan gyara tun kafin a gano abin da ya lalace. Na yi shekaru ina koyar da kanikanci a makarantar koyon sana'a, kuma bayan na ajiye aiki ban daina zuwa gareji ba, saboda haka abin da zan faɗa abu ne da nake gani da idona. Da zarar mota ta ƙi tashi da safe, ko ta mutu a tsakiyar hanya, hukuncin da ake fara yankewa shi ne famfon mai ya mutu ko kabureta ta toshe, sai a tura yaro Ƙofar Ruwa idan a Kano ne, ko Panteka idan a Kaduna ne, ya sayo wani. In an dace motar ta tashi, in ba a dace ba a koma kan koyil, daga nan fulogi, daga nan batir, har mai motar ya kashe kuɗin cefanen gidansa alhali cutar tana nan inda take, sau da yawa ma a jikin wata waya da ba ta bukatar komai illa a kankare ta a ɗaure da kyau.

Wannan magana ta shafi jama'a masu yawa, domin motocin da ke ɗauke da hidimar Arewa tsofaffi ne. Har yanzu akwai Peugeot 504 da 505, irin waɗanda kamfanin PAN ya yi ta harhaɗawa a Kaduna bayan ya fara aiki a 1975, suna jigilar kaya zuwa kasuwannin ƙauye. Akwai Golf 'yan Kwatano da suka cika tashoshinmu, ga kuma Corolla da Honda na shekarun 1990 waɗanda malaman makaranta da ƙananan ma'aikata ke lallaɓawa. Mai irin wannan mota ba shi da halin sayen sabuwa, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, ɗan abin da yake warewa domin gyara ya ƙara ƙanƙancewa, kayan gyara kuma suka yi tashin gwauron zabo saboda faɗuwar darajar naira. A irin wannan hali, cire lafiyayyen kaya daga mota cutarwa ce, ko da ba da gangan aka yi ba. Abin da ya fi ciwo shi ne, sau da yawa abin da aka cire na asali ne da ya zo da motar, wanda aka saka a gurbinsa kuwa jabu ne da ba zai yi rabin kwanansa ba.

Tambaya ta farko ba ta bukatar sifana, kunne kawai take bukata: idan aka yi wa motar ki, wato aka murɗa makulli don tayar da ita, injin yana juyawa ko ba ya juyawa? Idan ba ya juyawa, ko yana juyawa da ƙyar, ko kuma ba a jin komai sai ƙas-ƙas daga wajen kik, wato na'urar da ke juya injin don ya tashi, to babu ruwan famfon mai, babu ruwan kabureta, kuma duk wanda ya taɓa su a wannan lokaci ya bar jaki ne yana dukan taiki. Abin da ya kamata shi ne a kunna fitilun gaba, wani ya tsaya yana kallonsu, sannan a murɗa makulli. Idan suka dushe har suka kusa mutuwa, batir ya yi sanyi ko kuma kawunansa ba su kama da kyau ba. Idan suka tsaya da haskensu ba su ko motsa ba, wutar ba ta isa ga kik ba ke nan, sai a bi makulli da wayar da ke zuwa kan kik, a motar da ke canza giya da kanta kuma a tabbatar sandar giya ta zauna daram a wurin ajiyewa. Bayan an yi ki, a ɗora yatsa a kan kowane kan batir: wanda aka ji ya yi ɗumi, a nan wuta take tsayawa, kuma in aka kwance shi za a tarar da farin gari ko kore a ƙarƙashinsa. Haka nan kakkaurar wayar as da ke haɗa batir da jikin mota da injin, ita ce aka fi mantawa da ita, alhali a tsohuwar mota tsatsa da baƙin mai sun daɗe da cinye inda aka ɗaure ta.

Wanda yake da mitar auna wutar lantarki zai raba gardama cikin minti guda. Cikakken batir da ya huta yana nuna volt 12.6, idan ya sauko wajen 12.2 ya rage kusan rabi, kuma a lokacin da ake yin ki bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6 ba. Idan mota ta tashi, mita ya kamata ta nuna tsakanin 13.5 da 14.5, in ba haka ba altaneta ba ta caji, kuma sabon batir ɗin da za a saya shi ma kwanansa ƙidayayye ne. Turin mota da muke yi kullum shi kansa gwaji ne, sai dai ba ma karanta sakamakonsa. Motar da ta ƙi ki amma aka tura ta ta kama nan take ta riga ta shaida cewa mai yana zuwa, fulogi kuma suna ba da wuta, saura a nemi laifin tsakanin batir da wayoyinsa da kik. Ina kuma jan hankalin direbobi su daina danne makulli babu ƙaƙƙautawa. Sakan 10 ya isa, sannan a bar kik ya huce, domin ba a yi shi don dogon aiki ba.

Idan injin yana juyawa da ƙarfinsa amma bai kama ba, a nan ne maganar mai take shigowa, amma duk da haka ni na fi son a fara da wuta, saboda gwajinta ya fi sauƙi, kuma ana yin sa kafin a kwance wani tiyo fetur ya zube. A zare wayar fulogi guda, a sa mata wani fulogi mai kyau, a kwantar da shi a jikin ƙarfen injin, a yi ki a duba: tartsatsi shuɗi mai ƙara shi ne lafiya, ja mai rauni ko rashinsa gaba ɗaya shi ne alamar a tsaya nan. A motocin da ke da distiributa na da, wato abin da ke raba wuta ga fulogi, a buɗe murfin a dubi kwantak, ɗan ƙarfen da ke buɗewa yana rufewa yana yanke wutar koyil, wanda tazarar bakinsa wajen milimita 0.4 ce a yawancinsu. Idan bakin ya ƙone ya yi rami, a zargi kwandansa tare da shi, domin in aka canza kwantak kaɗai sabon ma ƙonewa zai yi. Da damina kuwa, ko bayan an wanke injin, ɗan danshi a cikin murfin distiributa ko siririn tsagu a jikinsa ya isa ya hana mota tashi, kuma maganinsa busasshen ƙyalle ne. Daga nan a kwance fulogin motar kansa a karanta shi. Idan ya fito jiƙe yana warin fetur, mai yana isowa, wataƙila ma ya yi yawa. Idan ya fito a bushe ƙayau bayan an sha yin ki, yanzu ne aka sami hujjar bin hanyar mai.

A motar kabureta wannan bincike a bayyane yake, kuma abin mamaki ne yadda ake tsallake shi. A cire filtar iska, injin yana kashe, a leƙa maƙogwaron kabureta, a ja totur da hannu. Lafiyayyar kabureta mai ɗauke da mai za ta tsarto ɗan siririn fetur wanda ido zai gani. Idan babu, a cire wayar da ke kai wuta ga koyil don kada tartsatsi ya fita, a zare tiyon da ke shiga kabureta, a zura shi cikin farar kwalba mai tsabta, a yi ki na ɗan lokaci. Famfo mai lafiya zai riƙa tunkuɗo mai da ƙarfi, bugu bayan bugu. Ina fifita kwalba a kan zubarwa a ƙasa saboda dalili biyu: ta fi aminci daga gobara, kuma tana nuna irin man da ke cikin tanki. Na taɓa tsayawa a kan wata 504 mai ɗaukar hatsi wadda aka riga aka wanke kaburetarta aka kuma canza mata famfo, amma ta ci gaba da tari tana mutuwa. Muka tara man a kwalba muka ajiye a kan bonet. Kafin mu gama magana sai ga layi ya fito ƙarara a kusa da gindin kwalbar, fetur a sama, ruwa mai launin jar ƙasa a ƙasa da kaurin yatsa, ɓarɓashin tsatsa kuma yana kwance a ƙarƙashinsa. Ruwa ya fi fetur nauyi, ƙasan tanki yake sauka, kuma daga ƙasan tanki famfo yake zuƙa. Babu adadin wankin kabureta da zai warkar da wannan mota sai an sauke tanki an wanke shi, an busa bututu, an canza filta.

Ko da mai bai fito a kwalba ba, ba a gama tabbatar da laifin famfo ba. Filta na iya toshewa, kuma ita ce mafi arha a duk hanyar. Tsohon tiyon roba da ke tsakanin tanki da famfo yakan tsage ta yadda ba ya ɗigar da mai amma yana shan iska, sai famfo ya yi ta zuƙar iska a banza. Akwai kuma ɗan ramin shan iska na tanki, wanda ƙurar hunturu da laka ke toshewa: motar za ta yi tafiya mai ɗan nisa ta mutu, in aka buɗe murfin tanki a ji ya ja iska da ƙarfi, a rufe ta tashi kamar ba ita ba. Hanyar raba gardama ita ce a ba famfo mai daga wani galan mai tsabta ta gajeren tiyo, motar tana tsaye. Idan ya tunkuɗo, lafiyarsa ƙalau, matsalar tana bayansa. Idan bai tunkuɗo ba, a sayi wani da kwanciyar rai, amma kafin nan a zaro gejin baƙin mai a sansana, domin fatar robar da ke cikin famfon inji idan ta yage takan zubar da fetur cikin baƙin mai, kuma barin wannan gaurayen a injin yana cinye shi.

Sau da yawa kuma yawan mai ne ke hana tashi, ba ƙarancinsa ba. Idan allurar fulot, wadda ke tsayar da shigar mai in kabureta ta cika, ta lalace ko datti ya tokare ta, kabureta takan yi obafulo, wato mai ya yi ambaliya, fulogi su jiƙe, warin fetur ya cika wuri, direba kuma ya yi ta bugun totur yana ƙara mata. Injin fetur yana son kimanin kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na mai a ma'aunin nauyi, kuma in mai ya rinjayi iska sosai tartsatsi ba zai kunna shi ba. Abin yi shi ne a taka totur har ƙasa a riƙe shi ba tare da bugawa ba, a tabbatar cok, wato marfin da ke rage iskar da ke shiga kabureta, a buɗe yake, sannan a yi ki har iska ta share. A sanyin hunturu kuwa akasin haka ake gani, motar da aka ɗaure wa cok da waya tun da daɗewa ita ce ke wahalar da mai ita da asuba. Abin da nake roƙon 'yan'uwana kanikawa su bari shi ne kai sukundireba kan sukurorin saitin kabureta tun kafin a yi ko ɗaya daga cikin waɗannan gwaje-gwaje. Sukurori ba sa juya kansu cikin dare. Motar da ta kwana da saitinta daidai ta wayi gari ta ƙi tashi, wani abu ne dabam ya same ta, kuma murɗa su yana ƙara cuta ta biyu a kan ta farko.

Motocin injekta, wato masu fesa mai ta nozul maimakon kabureta, su ne suka fi shan wannan wahala, domin famfonsu na lantarki ne, yawanci a cikin tanki yake, kuma yana da tsada. A mafi yawansu, idan aka murɗa makulli fitilun dashbod suka kama ba tare da an yi ki ba, famfo yakan yi ɗan gurnani na kamar sakan 2 ya tsaya, kuma wanda ya kara kunne a bakin tanki zai ji shi. Sai dai a lura, akwai tsofaffin Toyota da ba sa kunna famfo sai injin ya fara juyawa, saboda haka a irinsu a saurara lokacin da ake yin ki. Shirun famfo ba ya nufin ya mutu. Kafin wuta ta isa gare shi sai ta bi ta fiyus da rile da doguwar waya har bayan mota, kuma kowannensu na iya yankewa. Na ga wata Golf ta haya da aka canza wa famfo, ta yi kwanaki ta sake mutuwa, aka ce sabon jabu ne. Da aka ɗaga kujerar baya aka zare soket ɗin da ke kan tanki, sai ga robarsa ta narke ta yi baƙi a gefe guda, ƙarfen ciki ya saki har yana rawa a yatsa. Girgizar da aka yi masa wajen canza famfo ita ce ta sa ya kama na ɗan lokaci. Da an sa fitilar gwaji ko mita a wannan soket tun farko, da tsohon famfon yana nan yana aikinsa.

Jin ƙarar famfo ma bai wadatar ba, domin abin da nozul ke bukata shi ne matsi, kuma matsi ba a gane shi da ido ko da yatsa, sai da geji. Motocin da ke da nozul ga kowace silinda suna aiki da kimanin bar 3 (bar ma'aunin matsi ne), Golf 3 mai nozul guda ɗaya a sama tana aiki da kusan bar 1, kabureta kuwa ba ta bukatar ko rabin bar. Wannan ya sa ba kowane famfo ne ke dacewa da kowace mota ba, ko da ya zauna a gurbin. Famfo mai ƙaramin matsi a motar da ke son bar 3 zai iya tayar da ita amma ta kasa hawa tudu, famfon injekta kuma idan aka ɗaura wa kabureta ba tare da abin rage matsi ba, allurar fulot ba za ta iya tare shi ba. Akwai kuma motar da sai an daɗe ana yin ki take kamawa, alhali da ta tashi shi ke nan. A irin wannan a kunna makulli a kashe sau biyu ko uku kafin a yi ki. Idan ta kama nan take, matsin ne ke zurarewa lokacin da take ajiye, ko ta bawul ɗin famfo, ko ta regileta, ko ta wani nozul mai ɗiga, kuma in tana tashi da baƙin hayaƙi da warin fetur, nozul ne abin zargi. A tuna cewa bututun injekta yana riƙe da matsi ko an kashe mota, don haka a rufe mahaɗar da ƙyalle kafin a kwance.

A nan dole in faɗa wa masu mota nasu laifin. Tsadar fetur ta sa da yawa daga cikinmu muna sayen lita biyu ko uku, muna yawo kullum fitilar mai tana kunne. Na san halin da ake ciki, amma famfon da ke cikin tanki fetur ne ke sanyaya shi, shi ne kuma ke zame masa man shafawa. Idan tanki ya kusa ƙafewa, duk kwana da duk birki sai famfo ya zuƙi iska, ya yi zafi, kwanansa ya ragu. Tankin da ke zama babu mai kuma ya fi tara raɓa a cikinsa, raɓar ta zama ruwa, ruwan ya zama tsatsa. Wanda zai iya daurewa sau ɗaya ya kai mansa kwatan tanki, sannan ya ci gaba da sayen 'yan litocinsa a kan wannan, kuɗin da yake kashewa a mako bai ƙaru ba, amma ya tsare famfonsa.

Cutar da ta fi rikita mutane ita ce ta motar da ke tashi lafiya da safe, ta mutu idan ta yi zafi, a bar ta ta huce ta sake tashi. Da bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri, fetur yakan tafasa a cikin bututu ko famfon motar kabureta, musamman a gosulo ko jim kaɗan bayan an kashe ta, kuma famfo ba ya iya tura tururi. Jiƙaƙƙen tsumman da direbobi ke ɗorawa a kan famfo yana aiki a wannan hali, amma gyaran gaskiya shi ne a nisanta bututu daga salansa a mayar da duk wata garkuwar zafi da aka cire. Sai dai koyil da ya tsufa shi ma haka yake yi, haka sensar da ke karanta juyawar injin, haka babban rile na Honda na shekarun 1990, wanda dalmar cikinsa ke tsagewa ta saki idan cikin mota ya ɗau zafi. Alamarsu a waje iri ɗaya ce, kuma in motar ta huce dukkansu za su nuna lafiya. Saboda haka gwajin yana da amfani ne kawai a daidai lokacin da ta mutu: a nan take a duba tartsatsi, a nan take a saurari famfo. Bakaniken da aka kawo wa irin wannan mota ya kamata ya bar ta tana aiki har ta mutu a gabansa, kayan gwajinsa suna hannu.

Al'adar cire tamostat, wato abin da ke daidaita zafin ruwan injin, da sunan ƙasarmu akwai zafi ita ma tana da hannu a nan. Motar injekta tana auna zafin ruwa domin ta san yawan man da za ta bayar. Injin da aka hana kai zafinsa na aiki, kwamfutar motar za ta ci gaba da ɗura masa mai kamar yanzu aka tayar da shi, fulogi su yi baƙi da toka, shan mai ya ƙaru, tashi ya yi wuya, daga ƙarshe a ce nozul ne a kai su wanki.

Game da ingancin man kansa, ba koyaushe laifin 'yan bumburutu ba ne, ko da yake man jarka ya fi fuskantar ruwa da ƙura da gaurayen kalanzir, wanda ke sa injin ƙwanƙwasa da wahalar tashi. Masu karatu za su tuna watan Fabrairu na 2022, lokacin da hukumar NMDPRA mai sa ido a kan harkar rarraba man fetur ta sanar cewa an gano fetur mai ɗauke da sinadarin mitanol fiye da ƙima a cikin wanda aka shigo da shi ƙasar nan, abin da ya jawo dogayen layuka a gidajen mai. Darasin da ke ciki ga mai gyara shi ne ya riƙa tambaya: yaushe aka sha mai na ƙarshe, kuma a ina? Motar da ta fara ciwo jim kaɗan bayan an sha mai, a fara da kwalba. Haka motar da ta yi watanni a ajiye, fetur ɗinta ya riga ya tsufa ya yi danƙo a cikin ƙananan ramukan kabureta ko nozul, kuma warinsa kaɗai ya isa ya shaida.

Akwai abubuwa biyu da nake gani a garejoji da bakin hanya waɗanda ke tayar mini da hankali ƙwarai. Na farko shi ne zuƙar fetur da baki a fesa a kabureta, aikin da galibi yara masu koyo ake sa wa. Fetur kaɗan idan ya sarƙe mutum ya shiga huhu yana haddasa kumburi mai tsanani da kan kai ga asibiti, kuma kabureta takan yi atishawar wuta a daidai lokacin da fuskar yaron take kanta. Na biyu shi ne ɗaura galan a cikin mota ko a kan rufinta a ja tiyo zuwa injin, a ɗebi fasinja a kama hanya. Galan kayan gwaji ne na 'yan mintoci, mota tana tsaye, babu mai shan sigari a kusa, yashi ko abin kashe gobara yana gefe. Iyayen da suka kawo mana 'ya'yansu koyon sana'a amana suka ba mu.

Idan wuta tana nan, mai yana nan, motar kuma ta ƙi, sai a koma ga injin kansa. Injin da ke juyawa da sauri fiye da yadda aka saba, da sauti mara nauyi, yana nuna babu matsi a silinda, kuma a Golf da Honda da makamantansu abin da za a fara dubawa shi ne taimin bel, wato bel ɗin da ke daidaita buɗewar bawul da motsin fistin. A buɗe murfin zuba baƙin mai a leƙa yayin da ake yin ki, in babu abin da ke motsi a sama bel ya tsinke, sai a saki makulli nan take, domin a injuna da yawa fistin yana bugun bawul idan haka ta faru. Na'urar kwamfuta da ake soka wa mota tana da amfani, kuma motocin da aka yi don kasuwar Amurka daga 1996 da na fetur na Turai daga 2001 duk suna da soket ɗinta mai baki 16. Amma lambar da take nunawa tana nuni ne ga layin da ke da matsala, ba ta ce a sayi sensa ba, domin yankakkiyar waya ma lambar da za ta bayar ke nan, kuma a waɗannan tsofaffin motoci na'urar ba ta ganin matsin mai ko ruwan da ke cikin tanki.

Malam Edita, ban rubuto wannan don in ci mutuncin kanikawa ba, ni ma ɗaya ne daga cikinsu, kuma na san dalilin da ya sa ɗabi'ar ta yi ƙarfi. Mai mota a ƙasar nan ba ya ganin an yi masa aiki sai ya ga an kwance wani abu an ɗaura sabo. Bakaniken da ya ɓata awa guda yana bin waya da mita har ya gano sakakken soket, in ya faɗi kuɗin aikinsa sai a ce me ya yi, alhali wanda ya canza famfo a banza za a biya shi har da godiya. Muddin haka ake, ba za a daina canza lafiyayyun kaya ba. Ina kira ga masu mota su yarda su biya kuɗin bincike a matsayinsa na aiki mai zaman kansa, su zo da cikakken bayani, wato da sanyi take ƙi ko da zafi, wane sauti take yi, me aka taɓa a jikinta kwanan nan, sannan su nemi a nuna musu gwajin da ya kama kayan da laifi kafin su ba da kuɗin sabo, a kuma miƙa musu tsohon su tafi da shi. Ina kuma kira ga shugabannin ƙungiyar kanikawa ta NATA a rassanta na garuruwanmu su duba yiwuwar kowane rukunin gareji ya haɗa kuɗi ya mallaki mita da fitilar gwaji da gejin matsin mai da gejin matsin silinda, a ajiye su a hannun mutum guda amintacce, kuma kada a yaye yaro sai ya nuna a gaban manyansa cewa ya iya aiki da kowanne daga cikinsu.

Wassalam.

Naka mai karatu,
Tsohon malamin koyar da kanikanci,
Kaduna.